Malam Manu, Mutumin da Ya Hana 'Yata Wasa

Ƙarfe biyar na yamma ake fara atisaye, amma shi tun uku da rabi motarsa ta tsaya a gindin bishiyar da ke kusa da ƙofar fili. Tsohuwar mota ce ruwan toka, bayanta cike da ragar ƙwallaye da 'yan robobin nan masu launi da ake jerawa a ciyawa. Yakan fito a hankali, ƙafar hagu tukuna, sannan ya tallafo ta dama da hannu. Daga nan sai ya zagaye filin tun daga wannan raga har waccan, kai a sunkuye kamar mai neman allurar da ta faɗi. Inda ya ga rami ya cike da ƙasa ya danne da dunduniya. Inda ruwa ya kwanta ya ajiye jar roba don kada a bi ta wurin. In ya gama sai ya koma wurin ajiye motoci, ya jingina da tasa, ya tsiyayi baƙin kofi a murfin filas, ya tsaya yana kallon iyaye suna sauke 'ya'yansu. Ba ya cika magana da kowa ba, ɗaga kai ne kawai da ɗan murmushi.

Shekara goma sha tara yana wannan, Litinin zuwa Alhamis, ban da ranakun wasa. Sunansa Ermanno Vallorani, mutumin Italiya, mataimakin kocin 'yan mata a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa da 'ya'yanmu da dama suka bi ta cikinta a nan Greensboro. Sunan ya yi wa harshenmu nauyi, sai muka mayar da shi Malam Manu, shi kuma ya amsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki yana da shekara sittin da takwas. Babu kofin da aka rubuta sunansa a jiki, a hotunan ƙungiya ma yawanci rabin kafaɗarsa ake gani daga gefe. Shi ya sa na ce bari ni in rubuta, ni Yahya, direban motar ɗaga kaya a wani sito kusa da filin jirgi, wanda ya taɓa zazzage wa bawan Allahn nan rashin mutunci a gaban jama'a. A ganina babu wanda aikin ya fi wajaba a kansa kamar ni.

Mu dai halinmu ne, in mun shiga wuri babba muke nema. Ranar da na fara kai 'yata Salwa, tana da shekara goma sha uku, na tambaya wane ne mai gidan, aka nuna min Seth, wani dogon Ba'amurke da usur rataye a wuya. Na je na gaishe shi da hannu biyu. Da na je gida hutu na dawo, shi na kawo wa hula da turare. Tsohon nan mai ɗingishi da ke kwashe ƙwallaye kuwa, na ɗauka mai gyaran fili ne. Har na taɓa ce masa, "Baba, ko akwai kujera a ciki?" Ya tafi ya ɗauko, ya buɗe min, ya kakkaɓe. Na kusa shekara ina zama a kujerar da yake kawo min kafin Mashood, abokina mutumin Kumasi wanda 'yarsa Adizatu take ƙungiyar, ya ja ni gefe.

"Alaji, ka san mutumin da kake aika ɗin nan? Ya buga bol a Italy fa, professional. Ei, kai dai Allah Ya shirye ka."

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari na riga shi zuwa ɗakin kaya na ɗauko kujerata da kaina. Ya kalle ni, ya kalli kujerar, ya yi dariya.

Tarihinsa a gutsure na tattara shi, domin ba mutum ba ne mai ba da labarin kansa. An haife shi a wani ƙaramin gari kusa da bakin teku, ubansa mai ɗinkin takalma ne. A shagon uban ya koyi juya takalmi ya dubi ƙasansa ya gaya maka yadda mai shi yake tafiya. Ya shiga ƙwallo yana ɗan shekara goma sha tara, mai tsaron baya, a rukuni na uku na ƙasarsu. Shekara goma ya yi yana wasa, biyar ɗin ƙarshe kusan duk a benci ya yi su. Da ya rataye takalmi sai ya zama mataimakin koci, ya yi shekara goma sha bakwai a ƙarƙashin mutum shida. A can in aka sallami koci har da mataimakinsa ake haɗawa, don haka matarsa ta ce akwai akwatunan da ba ta taɓa kwancewa ba. Sau ɗaya aka damƙa masa ƙungiya gaba ɗaya. Wasa bakwai ya ja ragama ya je da kansa ya ce a nemo wani. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Babban koci dole ya bi ƙwallo da ido. Ni kuwa da an fara wasa sai in manta da ƙwallon, in kama kallon mutane." Matarsa ce ta samu aiki a wani kamfanin fatu da ke sayar wa masu yin kujeru a garin High Point da ke kusa da nan, ya biyo ta, suka zauna a unguwar Sedgefield. Wata rana ya zo wucewa ya ga yara suna atisaye, ya tsaya a bakin waya yana kallo har aka tashi, ya dawo washegari. Da haka aka ɗauke shi.

Duk wanda 'yarsa ta taɓa zama a bencin Malam Manu yana da abin faɗa. Mashood ya ce akwai kakar wasan da Adizatu ta ƙare ba ta buga minti talatin ba in aka haɗa duka, har ta ce ita ta gaji, za ta bari. Abin da ya riƙe ta shi ne, a bencin nan ba a zaman banza. Da an busa usur zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya raba musu aikin sa ido a kan abokan karawa. Ke ki riƙe min mai lamba shida, ki gaya min ƙafar da ba ta so. Ke ki duba golarsu, in an bugo kwana fitowa take ko tsayawa. A hutun rabin lokaci sai ya sa Seth ya tsaya ya saurare su kafin ya ce komai. Akwai ranar da Adizatu ta lura cewa mai tsaron bayan abokan karawa ta hagu tana waiwayen mahaifiyarta duk sanda ta yi kuskure, aka matsa ta wannan gefen aka ci biyu. Mashood ya ce yarinyar ta shigo mota ranar tana tsalle kamar ita ta zura su, alhali ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Yanzu tana karatun gashin ƙashi, kuma ranar Asabar ita ke horar da ƙananan yara.

Azumin farko da ya samu 'ya'yanmu a hannunsa, ya lura uku daga cikinsu ba sa zuwa wurin ruwa. Bai tara su ya yi jawabi ba. Sai kawai aka ga duk ranar gudu ya ware su ya ce yana buƙatarsu a wurin koyon bugun tazara. Shekara ta zagayo, ya rubuta ranar a littafinsa ya shirya tsaf, ashe mu mun riga mun kai azumi goma sha ɗaya. Ya zo wurin matata Hauwa'u hankali a tashe, wai me ya sa aka matso da shi ba a sanar ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta yi masa bayanin wata. Tun daga nan, da an shiga sabuwar shekara zai same ta da biro a hannu ya ce, "Signora, bana yaushe ne?" Iyayen unguwar Irving Park masu manyan motoci da mu 'yan unguwar Glenwood da muke haɗa yara huɗu a mota ɗaya, duk gaisuwa ɗaya yake mana, kuma duk takalman 'ya'yanmu sai ya juya ya duba.

To, ga abin da ya haɗa ni da shi.

Salwa 'yar wasan tsakiya ce, kuma ba don 'yata ba ce, yarinyar ta iya. A watan Afrilu na shekararta ta kusa da ƙarshe a sakandare, tana cikin wasa ta juya da ƙwallo, babu wanda ya taɓa ta, sai kawai ta zauna a ƙasa. Jijiyar gwiwar dama ta tsinke. Aka yi mata tiyata a watan Mayu. Ni kuwa yadda aka rene ni haka na reni 'ya'yana. A gidanmu yaro ba ya raki a gaban manya. In aka ce ya jiki, ka ce da sauƙi, ko da kuwa kana ganin bango yana juyawa. A asibiti nas ta tambaye ta zafin ya kai nawa cikin goma, ta kalle ni ta ce biyu. Na fito ina yi wa Mashood alfahari a waya, wai jinin gidanmu ne, ba ma kuka.

A watan Disamba ake yin wata gasa ta kwana uku wadda kociyoyin jami'o'i suke zuwa da kujerunsu na naɗewa da littattafansu, su zauna a bakin layi suna zaɓen 'yan wasa. Ga yarinyar da ke ajin ƙarshe, wannan ce ƙofar shiga jami'a da tallafin karatu. Akwai kocin wata babbar jami'a da ya daɗe yana rubuto mata, ya ce zai zo musamman ya ga yadda ta murmure. Ni kuma na riga na baza labari a gida, har yayata tana kiranta 'yar jami'a. Likita ya ce in dai ba ta jin ciwo, za ta iya komawa kaɗan-kaɗan. Aka tambaye ta, ta ce, "I'm fine." Seth ya sa sunanta, minti ashirin a kowane wasa.

Ranar Alhamis, ana gobe gasa, na zo ɗaukarta na tarar da su uku a tsaye a wurin motoci, Seth da Malam Manu da Salwa. Seth yana ta sosa ƙeya. Ya ce min akwai 'yar magana, Ermanno yana ganin kada ta buga.

Na ce, "Likita ya yarda, kai ka yarda, ita ta ce lafiyarta ƙalau. Saura wa?"

Malam Manu ya ce, "Saura gwiwar, Signor Yahya. Ita ba ta yarda ba."

Allah Ya sani, ina da zuciya, kuma ranar ta gwada min kanta. Ta inda na shiga ba ta nan na fita ba. Na ce shi wane ne, mataimaki ne fa, ƙwallaye aka ce ya kwashe. Na ce in da yarinyar Irving Park ce ai da bai isa ya buɗe baki ba. Na ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa a benci ba zai so ya ga wani ya tashi daga kai ba. Wannan ta ƙarshen har yau in na tuna ta sai na runtse ido. Iyaye suka tsaya da mukullai a hannu suna kallo.

Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce wa Salwa ta ba shi takalman da take zuwa makaranta da su. Ta ciro daga jaka. Ya kife su a kan motata, ya nuna min. Dunduniyar na hagu ta cinye ta gefe, na dama kuwa kamar jiya aka saye shi.

"Tare aka saye su, ko?" in ji shi. "Wata biyu ina tsaye a nan ina kallon yadda take sauka daga motarka. Sai ta riƙe ƙofa, ta sauko da hagu, ta jira ka kalli wani wuri, sannan ta jawo dama. A fili kuma duk juyin da za ta yi ta gefe ɗaya take yi. Gobe za ta haɗu da yaran da su ma jami'a suke nema, babu wadda za ta tausaya mata." Ya juya wurin Seth ya ce, "Kai ne koci, kai ke da takarda. Amma in sunanta yana ciki, ka nemi wanda zai zauna maka a benci, ni ba zan iya kallo ba."

Shekara goma sha biyar suna tare a lokacin, Seth bai taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba. Ya ciro biro ya soke sunan a gabana. Salwa ta mayar da takalmanta cikin jaka. A mota hawaye suna zuba tana kallon taga, ni kuma ina ta faɗa ni kaɗai har muka shiga Glenwood.

Bayan mun yi sallar isha'i yara suka tashi, na ci gaba da ɓaɓatu a kan darduma. Hauwa'u ta naɗe tata, ta zauna ta fuskance ni.

"Baban Salwa, kai liman ne, gaba kake kallo. Ni ce a gefenta. Tun watan Oktoba yarinyar nan ba ta iya naɗe ƙafarta a zaman tahiya, miƙe ta take yi. Da ka yi sallama sai ta yi maza ta janye ta rufe da hijabi."

"Shi ne ba ki gaya min ba?"

"Ta roƙe ni. Kuma in na gaya maka, me za ka ce? Ta daure za ka ce."

Na tashi na ƙwanƙwasa ɗakinta, na zauna a bakin gado, na sassauta murya iya yadda zan iya, na ce, "Salwa, gaya min gaskiya, ƙafar nan tana ciwo?" Ta ɗago jajayen idanu ta ce, "I'm fine, Baba." A nan tsoro ya kama ni na gaske. Na ga na gina katanga da hannuna, ga 'yata a bayanta, kuma ko ni da na gina ban san ta inda ake shiga ba.

Ba zan ɓoye abin da hukuncin nan ya jawo ba. Aka yi gasa babu ita. Ƙawayenta biyu suka samu gurbi a makon. Kocin babbar jami'ar nan ya aiko da gajeren saƙo na fatan alheri, daga shi bai sake rubutowa ba. Salwa ta yi mako uku ba ta yi wa Malam Manu magana. Ni kuma girman kai ya riƙe ni har bayan sabuwar shekara, ko da yake mun koma asibiti an duba an ga ruwa ya taru a gwiwar, naman cinyar kuma bai kai rabin ƙarfin ɗayan ba. Daga ƙarshe dai na nemi izini a wurin aiki, na isa fili ƙarfe uku da rabi. Na same shi tsugune yana cike rami. Na ɗauki bokitin ƙasar na riƙe masa, na fara jero ban haƙurin da na haddace a mota. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama. Gwiwar ta kumbura ta karkace, ga tabon ɗinki har biyu.

"Ina da shekara ashirin da huɗu," in ji shi. "Wasan haurawa rukuni na biyu, kuma an ce wata babbar ƙungiya ta turo mai duba 'yan wasa saboda ni. Gwiwar tana damuna tun mako biyu. Aka tambaye ni, na ce lafiya lau. Babana ya rufe shago ya hau jirgin ƙasa ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Bai ce in yi ƙarya ba, fuskarsa kawai na gani. Minti talatin da ɗaya na buga." Ya sauke wandon. "Ni ba ta ɓoye min komai ba, Signor Yahya, ina gani. Kai take ɓoye wa, saboda tana son ta ga kana murna."

Muka ƙarasa zagaye filin tare, yana cikewa ina riƙe da bokiti.

Daga Janairu zuwa Afrilu, sau uku a mako, yakan baro Sedgefield ya zo wani ɗan fili kusa da gidanmu, a lokacinsa na kansa, don kada yarinyar ta sha wahalar bas. Abu na farko da ya yi, ya haramta tambayar ya jiki. Sai ya ba ta robobi uku, kore da rawaya da ja. Duk motsa jikin da ta gama, ba sai ta yi magana ba, ta jefa ɗaya a ƙasa: kore babu ciwo, rawaya ana ji, ja yana zafi. Ni kuma aikin da ya ba ni shi ne in zauna a mota, gilashi a rufe. Mutumin da ake jin muryarsa daga fili na uku, aka mayar da ni ɗan kallo ta taga.

Makon farko duk kore take jefawa. Shi kuwa da ya ga kore ta uku a jere, sai ya tattara kayansa ya ce, "To, tunda kin warke ba kya buƙatata. Sai jibi." Ya shiga mota ya tafi ya bar ta a tsaye. Haka suka yi har sau biyar. Tana dawowa mota tana huci, wai tsohon nan ya raina mata hankali. A rana ta shida, bayan ta yi tsallen ƙafa ɗaya, na ga ta daɗe a tsaye da robobin a hannu. Ta waiwayo ta kalli motata. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina duba waya. Da na ɗago, jar roba tana kan ciyawa, Malam Manu ya cire hularsa ya ɗan rusuna mata kamar yadda ake yi wa manya. Sannan ya je bayan motarsa ya ɗauko ƙwallo, karo na farko tun da suka fara, ya gangaro mata. Ya ce, "Yanzu za mu fara aiki. Piano, piano." Wato sannu a hankali, kalmar da duk yarinyar da ta bi ta hannunsa ta haddace.

A watan Mayu ta buga wasanta na farko. Kafin nan Malam Manu ya ɗaga waya ya kira wata koci a wata ƙaramar kwaleji da ke cikin duwatsun yammacin jihar nan, wadda ita ma a bencinsa ta girma. Ta tuƙo mota awa uku ta zo, ta kalli minti arba'in, ta ce tana so. Ba ita ce babbar jami'ar da na cika baki da ita ba, sai da na sake kiran yayata na gyara labari. Amma karatu ne mai kyau, kuma da ƙafafunta biyu ta shiga.

A watan Oktoba muka je kallonta, ni da Hauwa'u. Ana ɗaya da ɗaya, an wuce minti sittin, kuma duk filin babu wadda ta kai ta wasa ranar. Sai na ga ta ɗan tsaya, ta taɓa gwiwa, ta ɗaga hannu sama ta juya wurin bencinsu tana nuna a canza ta. Babu wanda ya ture ta, babu wanda ya tambaye ta. Ban san sanda na miƙe ina tafi ba, ni kaɗai a duk rumfar. Wani Bature a gefena ya ce ko ta ci ƙwallo ne bai gani ba. Na ce a'a, fita ta yi. Ya matsa kaɗan daga kusa da ni. Bayan an tashi ta zo da ƙanƙara ɗaure a ƙafa ta ce, "Baba, na ji tana zafi ta ciki, so na fita. Coach ta ce in huta five days." Kwana biyar ɗin ta huta ta koma. Yanzu tana shekara ta biyu, ba ta sake kwanciya ba.

Malam Manu, kai ne idon da ke bayan layi. Kai ne ka yarda uba ya zage ka, yarinya ta yi fushi da kai, aikinka ya yi rawa, don kada wata ta gaji irin tafiyarka. An hana ka zama babban ɗan wasa tun kana saurayi, ba ka riƙe abin a zuci ya zama ɗaci ba, sai ka mayar da shi sana'a. Yara nawa ne suke gudu yau a Greensboro da wajenta saboda ka juya takalminsu ka duba? Kai ma ba ka sani ba, don ba ka taɓa tsayawa ƙirgawa ba. Na ji an ce da ka ajiye aiki za a yi maka aikin gwiwar da ka shekara arba'in kana ɗagawa, sannan ku riƙa raba shekara tsakanin nan da garinku. Allah Ya sa a yi a sa'a, Ya ba ka lafiyar da za ka taka bakin tekun nan ba tare da ka nemi wurin zama ba.

Ku kuma 'yan uwana, da yawanmu a ƙasar nan mataimaka ne, a asibiti, a makaranta, a sito, a kicin. Sunan wani ne a ƙofa, mu muna gefe. To, na gefe yana ganin abin da mai gida ba ya gani. In kun gani ku faɗa, ko da za a tambaye ku ku su wane ne. Iyaye kuma, mu da muka koya wa 'ya'yanmu cewa da sauƙi tun kafin su iya ɗaure takalmi, mu sani sun koya da kyau, har mu ma suna yi mana.

Shekaranjiya ina fitowa daga aiki Salwa ta kira ni. Ta ce wani darasi ya gagare ta, tana tsoron za ta faɗi jarrabawa, ta kwana biyu ba ta iya cin abinci. Ta yi kuka sosai a waya. Tun tana 'yar shekara shida rabon da in ji kukanta da sauti. Na kashe mota na zauna na saurare ta har ta gama, ban ce ta daure ba. Da za ta ajiye ta ce, "Na gode, Baba, dama kai nake so in gaya wa."

Wannan ma aikinka ne, Malam Manu. Na gode.